Jan Fenti a Bedin Inna

Shafi na 6

Assalamu alaikum ƴan uwa. Na san Laraba na ce zan saka, ku yi mani haƙuri. Na rubuta shafin nan na goge, na sake rubutawa na goge, sai da yayata ta ƙwace wayar ta ce ko in saka ko ita ta saka mani. Masu tambaya ko Lambun Sunaye yana nan Konni da gaske, babu shi, ni na ƙaga, kada wani ya hau kabu-kabu nema. Ƴan uwanmu na ƙetaren iyaka kuma, bedi shi ne dogonyaro, kabu-kabu acaɓa, lakwal makaranta, lise sakandare, buro ofis, bido kuma jarka. In kun ga kuskure ku faɗa mani a hankali don Allah, wannan ne na farina.

Ga wanda yau ya shigo: za a fitar da sabuwar hanya don manyan motoci su daina ratsa kasuwa, an ce ta tsakiyar Lambun Sunaye za ta bi. A lambun nan kowane bedi da sunansa. Duk ranar dashen itace, gidan da aka yi haihuwa ko aka kawo amarya a shekarar sai su dasa ɗaya da sunan mutum, su yi ta ba shi ruwa har ya kama. Wata safiya aka tashi aka ga jan fenti a jikin itatuwan da za a sare, har da na marigayiya Ummul Khairi, mahaifiyar Mansura. Ba wanda ya san mai shafawa. Yau manya za su zo jin bakin unguwa.

* * *

Mansura ta dawo gida daga lambu.

Farar ƙasa ta bushe a yatsunta, ta shiga ƙarƙashin farce, tana yi mata raɗaɗi. Tun bayan asuba suke lambun, ita da ƙawarta Gimbiya da sauran ƴan lise. Kowa ya san in baƙi manya za su zo ana shafe gindin itatuwa da farar ƙasa, daga ƙasa zuwa gwiwa. Su kuwa sai suka haura har kafaɗa, daidai inda jan fentin yake. Suka binne shi ƙaf. Masu dawowa daga masallaci har albarka suka riƙa sa musu.

Ta kasa zama. Ta ɗauki littafi ta ajiye. Ta buɗe takardar jawabin da za ta yi gaban manya, ta ga haruffan suna yawo. Sai ta jawo bahon wanki, ko hannun ya samu abin yi.

A can ƙasan kayan, an cukuikuye ta kamar ana ɓoyonta, ta ciro tsohuwar rigar Babanta.

Ta warware.

A bakin hannun dama akwai ja.

Ta zaci jini ne. Ta murza, abin ya ƙi fita, ya bushe ƙandas. Ta kai hanci.

Ba jini ba ne.

Mahaifinta Malam Labo yana zaune bisa tabarma ƙarƙashin rumfa, kofin shayi a gabansa ya huce bai taɓa ba. Tsohon ma'aikacin gandun daji ne. Rabin itatuwan lambun nan shi ya haƙa musu rami.

"Baba."

"Na'am."

"Mi ne ne wanga?"

Ya dubi rigar, ya dubi ƙasa.

"Aje rigar, Mansura."

"Baba, fenti ne."

"Fenti ne."

Ta jira ya ƙara wani abu. Ko ya ce ƙofa ya shafa, ko ya ce ya goga a jikin mota, ko ya ce komai. Bai ce ba.

"Kai ne?"

"Ni ne."

Rigar ta suɓuce daga hannunta.

"Tun ran da abin ga yaf faru muke neman mutumin nan! Gimbiya nan tsakar gidan ga ta tsaya ta tsine mai, gabanka, kana zaune!"

"Na ji ta."

"Har amin ka ce!"

"Ban ce amin ba. Tari na yi."

"Baba, ba dariya nike ba!"

"Ni ma."

Ta juya ta nufi ɗaki, ta dawo. Ta sake juyawa, ta sake dawowa. Ba ta taɓa ɗaga murya gaban mahaifinta ba, yanzu kuma muryar ta ƙi sauka.

"Kai ka koya mani sunayensu. Ina ƙarama ka ɗora ni a wuya kana cewa wanga na Hafiz, wanga na Ado, wanga na innarki. Kai ka kori mai akuyar da ta ci ganyen na gidan Liman. To mi sunka ba ka?"

Ya ɗago kai. Nan take ta yi da-na-sanin kalmar, amma ta riga ta fita.

"Sa takalminki," ya ce.

"Ina za mu?"

"Ƙohwar gida."

Suka fita. Katangarsu manne take da ta Gwaggo Shatu, tsohuwar da ta riƙe Mansura bayan rasuwar Inna, wadda yanzu idonta ya yi rauni, sai dai ta gane mutum da murya. A gindin katangar akuyar Gwaggo tana ɗaure tana tuƙa.

"Dubi abin da anka ɗaure ta," in ji Baba.

"Turke."

"Dube shi da kyau."

Ta duƙa. Guntun ƙarfe ne aka kafa, ba icce ba. Igiyar ta rufe kansa. Ta sa yatsa ta ture igiyar, sai ga ja a kan ƙarfen.

"Masu awon hanya sunka kafa shi," ya ce, murya ƙasa-ƙasa. "Gwaggonki ta lalubo shi da sanda, ta zaci wani ɗan albarka ne ya yi mata turke. Kullum sai ta yi mai addu'a."

"Ban gane ba."

"Awo biyu anka yi. Ɗaya ta cikin lambu. Ɗaya ta nan. Ta shigo ta gidan Shatu, ta hita ta ɗakin da anka haife ki, ta bi layin ga har bakin rijiya."

Mansura ta bi layin da ido. Ƙofofi ne da ta sani tun tana rarrafe. Ga zani an shanya. Ga wata na shara.

"Mutane sun sani?"

"Mu dattawan da anka kira buro. Munka ce a yi shiru. In magana ta hita, unguwa ta rabu biyu, masu gida da masu inuwa, ba mai sake gaisuwa da wani."

"To a bar hanyar mana! Dole ne?"

"Ki je ki hwaɗa ma waɗanda tirela ta taka a kasuwa."

Ta sunkuyar da kai. Ya ci gaba.

"Masu awo sun ce ba su sare ko reshe sai ɗan unguwa ya sa shaida da hannunai, don kada gobe a ce an yi muna ƙarfi. Duk dattawan sunka dubi ƙasa. Wa za shi sa ja ga sunan ɗan maƙwabci? Sai na ce a ba ni gwangwanin."

"Amma na Inna, Baba." Ta matso kusa da shi. "Bakin layi yake. Da ka ɗan kauce..."

"Da na kauce sai ya ci na gidan Ado. In dubi idon Ado in ce naka ya tahi, nawa ya tsaya? Da shi na hwara. Na ce in hannuna ya iya wanga, ya iya sauran."

"Da cikina take ɗaukar bido tana ba shi ruwa. Kai ka gaya mani."

"Ni nike ɗora mata bidon bisa kai."

Ya juyar da fuska wajen akuyar. Mansura ta sa bayan hannu za ta share ido, sai ya ga yatsun.

Ya kama hannun ya juya.

"Hwarar ƙasa?"

"Mun shafe itatuwa. Don baƙi."

"Har ina?"

Ta yi ƙoƙarin janye hannun.

"Mansura. Har ina kunka shafa?"

"Har kafaɗa."

Ya saki hannun a hankali.

"Innalillahi."

"Mun zaci in ba su ga shaida ba za su koma ne, a sake zama..."

"Ba sake zama. Sun ce in sunka zaka yau ba shaida, unguwa ta ƙi ke nan. Sai su bi turaku."

Su biyun suka dubi ƙarfen. Akuyar ta ja igiya, ta yi kuka.

"Wa ke nan? Mansura ce?"

Gwaggo Shatu ce ta fito tana dogara sanda, ta yafa mayafinta na zuwa suna.

"Ni ce, Gwaggo. Ina kwana."

"Lahiya lau, ɗiyata. An ce ke za ki yi muna magana gaban manya? To ki yi musu da faransanci, su san muna da ƴaƴa. Ki ce tsohuwa ta ce kada a taɓa iccen Ummul Khairi. Ni na riƙe shi tana turbuɗa ƙasa, shekarar da anka kawo ta amarya daga Tajaye. Labo, kana nan kai ma? Ka yi shiru kamar an aiko ka da mutuwa."

"Ina nan, Yaya Shatu."

"To kama ni mu tahi, kada a cinye inuwa."

Kafin Mansura ta buɗe baki sai ga Gimbiya a guje, ɗankwali a hannu, ta rungumo lasifika.

"Ke! Ke! Motoci sun iso kina nan kina kallon akuya! Ina kwana Baba, ina kwana Gwaggo. Taho mana!"

"Gimbiya, tsaya, akwai magana..."

"A hanya! Kin ga lambun kuwa? Hwari tas kamar ƴan lakwal ran fareti. Wallahi munahukin da yas sa fentin nan yau ko shayi ba ya iya sha!"

Mansura ta waiga. Baba ya ba Gwaggo hannunsa, bai dube su ba.

A hanyar ba ta samu faɗin komai ba. Duk ta ce "Gimbiya" sai Gimbiya ta ce "kada ki ji tsoro, ki dubi saman kawunansu kawai."

* * *

Lambun ya cika. Maza a gefe bisa tabarmi, mata a tsaye, ƴan kabu-kabu sun jera babura suna zaune a kai. An sa kujeru ƙarƙashin babban bedin tsakiya. Wakilin da aka aiko daga buro yana zaune da injiniyan hanya, kowa da hularsa a gwiwa saboda zafi.

Tun kafin a buɗe taro da addu'a an fara.

"Inuwa za mu ci?" Tanimun ne, shugaban ƴan kabu-kabu. Ya sauko daga babur ya ɗage ƙafar wando. Tabon ya taso daga idon sawu har gwiwa. "Ku duba! Bakin ƴan albasa tirela ta matse ni. Ni na tashi. Wanda na ɗauko bai tashi ba. Icce ake ma kuka?"

"Kai da kake kwana nan kullum azahar, baki buɗe?" wata ta jefo daga cikin mata.

Aka yi dariya.

"Ina kwana! Na ce ba ni kwana? In anka yi hanya sai in kwana gida!"

"Matarka ta yarda?"

Dariyar ta ƙaru. Nafisa mai nono, da ke kawo ƙwarya daga ruga kullum ta zauna nan, ta miƙe tana gyara zane.

"Ni ban san awo ba. Amma in kunka sare wurin ga, nonona kafin hantsi ya yi tsami. Garin ga duka ina wata inuwa da talaka ke zama ba a ce mai tashi?"

"Masallaci!"

"Da ƙwarya?"

"A kai hanyar bayan gari mana!"

"Bayan gari gonakin ruwa ne, wa za shi ba ka?"

"To a rataye ta sama!"

Kowa na magana, ba mai jin wani. Mansura tana tsaye jikin bedin Inna. Nan take karatu tun tana ƙaramar lakwal, saiwar nan da ta fito waje ita ce kujerarta. Farar ƙasar da ta shafa da asuba ba ta gama bushewa ba a cikin tsagar ɓawon. In ta ƙura ido tana iya ganin jan yana leƙowa daga ƙasa, kaɗan, kamar ciwo ƙarƙashin bandeji.

Ta nemi Baba. Ya zaunar da Gwaggo, ya koma can baya ya tsuguna.

Injiniyan ya tashi. Ya zaga bedi ɗaya, ya zaga na biyu. Ya sa farce ya kankare, ya dubi yatsansa. Ya dawo ya yi wa wakili raɗa.

Wakili ya miƙe, ya ɗaga hannu har aka yi shiru.

"Jama'a, mun gode da tarba. Mun ga an yi muna hwarar ƙasa, har ta yi yawa." Wasu suka yi dariya, shi bai yi ba. "Mun bar shaida a nan, ɗan unguwarku ya sa ta. Yau babu. Mu ba mu zo jayayya ba. In wagga ita ce amsarku, mun ji, lambu ya tsaya."

Ihu ya tashi. Ƴan lise suka hau tafi. Gimbiya ta rungume Mansura tana tsalle.

"Mun ci! Ke, mun ci!"

"Sai mu koma ga awo na biyu," in ji wakili.

Tafin ya ragu.

"Wane na biyu?" in ji Tanimun.

Wakili ya dubi layin dattawa. Dattawa suka dubi tabarma.

"Ba a gaya muku ba?"

"Wane na biyu, ranka ya daɗe?"

"Na cikin unguwa. Layin rijiya. An kafa turaku tun tuni."

Sai muryar Gwaggo Shatu, siririya:

"Turaku? Wane irin turaku? Mansura, mi yac ce?"

Matan da ke kusa da ita suka kau da kai.

"Ƙarya ne," in ji Gimbiya, amma a hankali. Gidan kakarta na layin. Sai ta ɗaga murya. "Barazana ce! Mansura, karɓi, gaya musu!"

Ta danƙa mata lasifikar. Abin ya yi ƙara, kowa ya juyo.

Mansura ta kai shi baki. Jawabin da ta haddace, har da na faransancin, babu ko kalma. Numfashinta kawai ke fita ta cikin lasifikar, duk lambun na ji.

"Gwangwanin yana mota," in ji wakili. "In akwai wanda zai mai da shaidar, yanzu, gaban kowa, to. In babu, mu wuce layin rijiya."

"Wanda yas sa ta da fari ya hito mana!" wani ya ce daga baya. "Mu gan shi!"

"Ba ya hitowa," in ji Gimbiya. "Irinsu a ɓoye suke aiki."

Sai aka ga mutane suna darewa.

Malam Labo ne ke tahowa. Bai yi sauri ba. Ya wuce ƴan kabu-kabu, ya wuce dattawa, ya je wajen injiniya ya miƙa hannu.

"Baba Labo?" in ji Tanimun.

"La ilaha..." in ji wata.

Gimbiya ta dafe baki da hannu biyu. Ta dubi Mansura.

"Kin sani?"

Mansura ta bi Babanta da ido.

"Wa ya hito?" Gwaggo ke tambaya tana jan zanen ta kusa da ita. "Ku gaya mani mana, wa ya hito?"

Ya buɗe gwangwanin. Warin ya bugi hancin Mansura, irin na hannun rigar. Ya tsoma buroshi. Itatuwa ne birjik a gabansa, amma ta san inda zai nufa, kuma nan ya nufo.

Ya tsaya gabanta.

"Matsa, ɗiyata."

Ba ta matsa ba. Ba ƙi ta yi ba, ƙafar ce ta ƙi ɗaguwa.

Ya ɗaga hannu ta saman kafaɗarta. Ran farko shi kaɗai ne, ba mai kallo. Yau unguwa duka na bayansa, ƴarsa kuma na tsakaninsa da iccen. Hannun ya fara rawa. Ya sa na hagu ya tallafe shi, rawar ta kama su duka biyu.

"Ummul Khairi," ya ce, ba da kowa ba.

Buroshin ya suɓuce.

Ya faɗo kan saiwar da take zama, ya mirgino, ya tsaya jikin takalminta.

Wakili ya dubi agogonsa. Can bakin titi tirela ta danna ham, ta ja dogo.

Mansura ta dubi Babanta. Ta dubi Gwaggo Shatu da ke ta juya kai tana neman mai ba ta labari. Ta ɗaga kai ta dubi rassan.

Ta ajiye lasifikar a ƙasa.

Ta duƙa ta ɗauki buroshin. Jan ya gangaro ta kan farar ƙasar da ke yatsunta.

"Mansura," in ji Gimbiya. "Mi za ki yi da shi?"